Maven zai iya gina kod ɗin C? Zai iya, amma ja kujera ka zauna

Wani ƙanena a wajen aiki, yaro mai himma wallahi, ya zo ya tsaya a kaina ran nan da laftof a hannu yake cewa, "Oga, tunda duk furojet ɗinmu da Maven muke gina shi, wannan ɗan guntun C ɗin ma ba sai mu cusa shi cikin pom.xml kowa ya huta ba? Na duba na ga akwai fulogin." Shi Maven manhaja ce ta gina kod ɗin Java, pom.xml shi ne fayil ɗin da ake rubuta masa umarni a ciki, fulogin kuma ɗan ƙari ne da ake jona masa. Na ce wa yaron Malam ja kujera, wannan ba maganar tsaye ba ce. Kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, don duk wanda ya daɗe yana rubuta kod wata rana sai wannan tunanin ya zo masa, ga manhajar gini da ka saba da ita, wato abin da muke kira bild tul, mai harhaɗa kod ya zama manhajar da za a yi aiki da ita, ka san lungu da saƙonta, saba ɗin da ke gwada kod ɗinku ma ita ta sani, to don me za ka je koyon wata sabuwa saboda fayil biyar ko shida na wani yare?

Amsar a taƙaice ita ce eh zai iya. Kowace manhajar gini tana iya kiran kwamfailar kowane yare, wato manhajar da ke juya kod zuwa abin da na'ura take ganewa, tunda a ƙarshe umarni ne kawai ake turawa. Sai dai kiran kwamfaila shi ne mafi ƙanƙantar aikinta, wannan ko sikirif ɗin bash mai layi uku zai yi maka. Abin da ya sa ake ajiye ta shi ne ta riƙe maka sani, ta san wane fayil ne ya dogara da wane, ta san me ya canza tun ginin ƙarshe har ya zama dole a sake, ta san inda za a samo laburaren wasu mutane da kod ɗinka yake buƙata, sannan ta san abin da aka gina ɗin wace irin na'ura zai hau. Kowace manhaja da nata amsoshin aka haife ta, kuma daga yaren da aka yi ta dominsa ta gaje su. In ka kai mata baƙon yare za ta karɓe shi hannu bibbiyu, amma da amsoshin yarenta na gida za ta riƙa yi masa hukunci, kuma ba za ta faɗa maka ba. Nan ne duk wahalar take.

Rigimar nan fa ta girmi yawancinmu. Make, kakan su duka, Stuart Feldman ne ya rubuta shi a 1976 a Bell Labs can Amurka, kuma tunaninsa guda ɗaya ne tal: ga fayil ɗin da nake so ya fito, ga fayilolin da ake yin sa da su, in ɗaya daga cikinsu ya fi shi sabunta a agogo to a sake bin umarnin. Wannan tunani ya hau C kamar tela ne ya auna, saboda a C fayil ɗaya na .c yana ba ka fayil ɗaya na .o, kowanne ana sarrafa shi shi kaɗai ba ruwansa da maƙwabcinsa, daga baya linka ta zo ta ɗinke su waje ɗaya. Ko matsalar fayilolin heda, wato na .h da fayilolin .c da yawa suke tarayya a kansu, an samo mata magani, ka ba gcc, kwamfailar C, alamar -MMD shi da kansa zai rubuto maka jerin hedar da kowane fayil ya taɓa, Make ya karanta jerin, shikenan.

Da Java ta fito a 1995 mutane suka ɗauko Make ɗin da suka saba da shi suka ce bismillah, sai abubuwa suka fara tsinkewa ta inda ba a zata ba. Fayil ɗaya na .java zai iya haifar da .class biyar ko goma, duk ajin da ka rubuta a cikin wani aji nasa fayil ɗin daban yake fita da alamar dala a sunansa, irin Waje$Ciki.class, kuma ita kanta alamar dalar Make da shel wata ma'ana daban suke ba ta. Sannan a Java halal ne aji A ya buƙaci B shi ma B ya buƙaci A, javac, kwamfailar Java, ba ya damuwa don tare yake karanta su, amma Make in ya ga zagaye haka sai ya yanke igiya ɗaya ya yar. Ga kuma nauyi, in ka bi tsarin Make na fayil ɗaya kira ɗaya, kowane kira sai an tada injin Java daga farko, abin da javac zai gama a zama ɗaya sai ya koma jira. Wanda ya fi ba ni tsoro a ciki shi ne na lambobin da aka kafe da static final, kwamfaila tana kwafe darajar ne ta dasa ta kai tsaye a cikin duk ajin da ya yi amfani da ita, to ka canza lambar a gidanta, sauran azuzuwan suna nan riƙe da tsohuwar, agogon fayilolinsu bai motsa ba, Make ya duba ya ce lafiya lau. Shi ya sa James Duncan Davidson ya rubuta wata sabuwar manhajar gini mai suna Ant don gina Tomcat, wata saba da aka rubuta da Java, ga kuma buƙatar abin da zai yi aiki iri ɗaya a Windows da Unix ba tare da dogaro da shel ba, a 2000 Ant ya fita ya tsaya da ƙafarsa. Ba wai Make ya lalace ba ne, har gobe shi ke gina kanel, wato zuciyar Linux, yaren ne kawai ba nasa ba.

To tambayar ƙanena ita ce wannan labarin a juye. Maven, wanda Jason van Zyl ya faro kuma sigarsa ta 1.0 ta fita a 2004, an ƙera shi ne a kan ɗabi'ar Java sak. Ka zuba kod a src/main/java, ya tara sakamako a target, ya naɗe maka jar guda ɗaya, wato kunshin ginannen kod ɗin Java, kuma kowane laburare a duniyarsa da suna uku ake kiransa, groupId da artifactId da lambar siga. Ka lura babu gurbin na'ura a cikin sunan nan, don Java ba ta buƙata, jar ɗin da ka gina a laftof ɗinka shi ne zai hau Windows ya hau Linux ya hau Mac. C kuwa ba haka take ba sam, kod ɗaya zai ba ka .so a Linux, .dll a Windows, .dylib a Mac, kuma kowanne ya sake rabuwa gwargwadon firosesa, na x86_64 daban na arm64 daban, wani lokacin ma har kwamfailar da aka yi amfani da ita sai ta shiga lissafi musamman in C++ ce. Akwai ɗan ƙaramin gurbi a Maven mai suna classifier da mutane suke rataya wannan bayani a jikinsa, shi ya sa za ka ga laburaren Netty na epoll da linux-x86_64 a manne a ƙarshen sunansa. Akwai kuma fulogin ɗin NAR, wanda ya samo asali daga masu rubuta manhajojin binciken fiziks na FreeHEP, shi ya ɗauki abin da gaske har ya ƙirƙiro suna mai haɗa firosesa da tsarin aiki da linka, irin amd64-Linux-gpp. Aiki ne mai kyau ba na raina shi. Amma ranar da kod ɗinka na C ya buƙaci OpenSSL ko zlib za ka tarar su masu waɗannan laburaren ba su san da zaman NAR ba, da nasu tsarin suke gini, sai dai kai ka zauna ka sake naɗe musu kaya da hannunka, kuma duk sanda suka fitar da gyaran tsaro ka sake zama. Sannan ko ka gama ka saka .so ɗin a cikin jar, tsarin aiki ba ya iya loda shi daga nan, dole a fara zaro shi a ajiye a kan faifai tukuna, abin da sqlite-jdbc yake yi kenan a ɓoye duk sanda ka tada shi.

Abin da ya sa na ce yaron ya zauna shi ne na taɓa ganin wannan da idona a wani wurin da na yi aiki a baya. Manhajar Java ce ta rajistar mutane, tana magana da na'urar ɗaukar zanen yatsa ta hanyar JNI, wato gadar da Java take bi ta kira kod ɗin C, akwai 'yan fayilolin C da ke tsakanin Java da laburaren masu na'urar. Don kada a kawo wata manhajar gini ta biyu, sai aka yi dabara a cikin pom.xml, aka sa fulogin ɗin antrun ya riƙa kiran gcc a kan kowane fayil na .c da ya fi .o ɗinsa sabunta. Wata da watanni abin yana tafiya sumul. Rannan aka ƙara girman wurin ajiye zanen yatsa a cikin heda ɗaya, daga 512 zuwa 1024, aka kuma taɓa fayil ɗaya na .c a gyaran. Wanda aka taɓa aka sake sarrafa shi da sabon girma, ɗan'uwansa da ba a taɓa ba ya zauna da tsohon .o ɗinsa mai 512, don dokar da aka rubuta .c da .o kaɗai take kallo, ba ta san akwai wani abu wai shi heda ba. Ga shi kuma foldar .o ɗin tana wajen target, ko mvn clean ba ya share ta. Allo ya nuna BUILD SUCCESS da manyan baƙi, aka naɗe aka tura wa masu aiki a fili. Ɗaya yana ware wuri mai 512, ɗayan yana zuba kaya har 1024 a ciki. Ba kullum take faɗuwa ba, sai yatsan da bayanansa suka yi yawa, kawai sai tagar manhajar ta ɓace ɓat a bar maka fayil ɗin hs_err_pid a folda, mutum yana zaune a gaban ma'aikaci da yatsa a kan gilashi, bayansa layi har waje cikin rana. Kwana uku muna zargin na'urar, muna zargin kebul, muna zargin masu laburaren, kuma a saba ɗin gwaji ba ta taɓa faɗuwa ba don can kullum daga fanko ake gini. Har yau in na tuna mutanen da aka ce su je su dawo gobe raina yana ɓaci, don ba su da hannu a dabarar da aka yi a pom.xml.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan ciwon na masu Java ne kaɗai. Yaren Go yana da cgo, hanyarsa ta kiran kod ɗin C, umarnin go build da kansa zai kira maka kwamfailar C, amma ka buga go help cache ka karanta, su da bakinsu sun faɗa cewa ma'ajiyar gininsu ba ta gane canjin da aka yi wa laburaren C da aka shigo da shi ta cgo, sai dai ka share ma'ajiyar ko ka tilasta a sake komai da -a. Ina girmama su da suka faɗi gaskiya. Sannan da zarar cgo ya shigo, wannan daɗin na Go na ka saita GOOS da GOARCH ka gina wa wata na'ura daga inda kake zaune ya tafi, sai ka nemo kwamfailar C ta waccan na'urar, shi ya sa wasu suke aro zig cc don ya cike musu gurbin. Cargo, manhajar gini ta yaren Rust, shi ma haka, ya ba ka build.rs, ga kunshin cc da zai sarrafa maka C, amma Cargo bai san heda ba, kai ne za ka rubuta masa rerun-if-changed a kan kowane fayil da kake so ya sa wa ido, in ka lissafa na .c ka manta na .h to ka faɗa ramin da muka faɗa, in kuma ba ka rubuta komai ba duk abin da ya motsa a kunshin sai ya sake bin sikirif ɗin gaba ɗaya.

In kana so ka ga nawa ne kuɗin koya wa manhajar gini baƙon yare da gaske, ba na shafa-shafa ba, ka dubi CMake da Fortran. Kamfanin Kitware ne ya faro CMake wajen 2000, kuma masu lissafin kimiyya suna cikin manyan masu amfani da shi, su kuwa ba sa rabuwa da Fortran. Fortran ta zamani tana da modul, in ka sarrafa fayil ɗin da ya ayyana modul sai ya fitar da .mod, duk fayil ɗin da ke amfani da modul ɗin dole ya jira wannan .mod ɗin ya fito tukuna, kenan wane zai riga wane ba a sani sai an buɗe kod ɗin an karanta. Ninja kuwa, injin da CMake yake yawan miƙa wa aiki saboda saurinsa, an yi shi ne don gina Chrome, da tunanin C++ na wancan lokaci inda duk fayiloli za su iya tashi lokaci guda. Sai da Kitware suka yi shekaru suna riƙe da nasu reshen Ninja daban da suka ƙara wa dabarar gano dogaro ana tsakiyar gini, kafin dabarar mai suna dyndep ta shiga Ninja na kowa a siga 1.10 a 2020. Abin sha'awar shi ne da C++20 ta zo da nata modul ɗin, wannan hanyar da aka share wa Fortran ita aka bi, har CMake 3.28 ya fito da goyon baya a hukumance a ƙarshen 2023. Shekaru fa, na mutanen da sana'arsu kenan ana biyansu a kai. To ka auna wannan da fulogin ɗin da mutum ɗaya ya rubuta a ƙarshen mako ya ajiye, wanda gyaransa na ƙarshe ya kai shekara huɗu.

Su Google ma sun gwada a Android. Tun 2013 Android Studio ya ɗauki Gradle, wanda ɗan gidan Java ne, kuma akwai lokacin da suka fitar da wani fulogin na gwaji don Gradle da kansa ya riƙa gina C da C++ na NDK, wato kayan aikin Android na waɗannan yaruka. Daga baya suka bar shi, a Android Studio 2.2 na 2016 suka kawo externalNativeBuild, wato Gradle ya koma ɗan aike, ya je ya ce wa CMake ko ndk-build ga firosesocin da nake so, armeabi-v7a da arm64-v8a da x86_64, gina min, in ka gama ba ni fayilolin .so in zuba a APK, wato fayil ɗin manhajar Android. Da ɗan gari akan ci gari. Ni a ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancinmu, kowane yare a bar wa manhajarsa cikin gidansa, ta waje ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama ta karɓi kaya.

Amma ba zan ɓoye maka ba, aiken ma yana da nasa kuɗin, kuma sau da yawa ba wanda ya yanke shawarar ne yake biya ba. Na farko dai yanzu manhaja biyu ce kowacce da nata tunanin me ya canza, to ta wajen dole ko dai ta kira ta cikin kullum ta bar ta ta yanke hukunci, wanda shi ne daidai, ko ta yi ƙoƙarin yin wayo ta tsallake kiran, wanda shi ne hanyar komawa matsalar heda. Sai kuma rabon firosesa, in kowacce ta ga firosesanka yana da ƙwaƙwalwa takwas ta tada aiki takwas, laftof mai memori gig takwas sai ya durƙusa, shi ya sa GNU Make yake da tsarin jobserver na raba tikitin aiki kuma Cargo ya koyi jin wannan yaren. Amma babban kuɗin shi ne abin da ake ɗora wa mai saukewa. Duk wanda ya taɓa buga npm install, umarnin sauke kunshin JavaScript, a Windows ya ga jan rubutu ya cika allo da gyp ERR ya san zancen. Kai JavaScript ka zo rubutawa, sai a ce maka ka girka Python, ka girka kayan ginin Visual Studio masu cin gigabait da yawa. Dalili kuwa shi ne kunshin yana da C++ a cikinsa, npm bai iya gina C++ ba sai ya aiki node-gyp, shi kuma node-gyp a kan GYP yake zaune, GYP kuwa da Python aka rubuta shi don gina Chromium, kuma su masu Chromium ɗin sun bar shi sun koma GN tun wajen 2016, aka bar mutanen Node da rainon abin da mai shi ya ajiye. Wannan ita ce azabar da node-sass ya yi ta ba mutane shekara da shekaru. A Python ma an ga irinta a Fabrairun 2021, lokacin da kunshin cryptography siga 3.4 ya shigo da Rust, duk wanda na'urarsa ba ta da ginannen wheel, wato kunshin Python da aka riga aka gina, da zai sauke kai tsaye, irin masu Alpine a wancan lokacin da masu tsofaffin firosesoci, sai pip ya ce musu ina kwamfailar Rust, aka yi ta kai ruwa rana.

Mu nan ma ba sai an ba mu labari ba. Yaranmu da ke koyon Flutter, Dart suke rubutawa, ba su taɓa rubuta layi ɗaya na Groovy ko Kotlin ba, amma ranar farko da suka danna gudu sai su tsaya kallon Running Gradle task assembleDebug, Gradle yana sauke kansa yana sauke kayansa, data tana zuba, wuta ta ɗauke a tsakiya a sake daga farko. In aka yi rashin sa'a Java ɗin da ke kan na'urar ta fi Gradle ɗin sabunta sai ya ce Unsupported class file major version 65, yaro ya rasa ina aka dosa, alhali 65 ɗin nan lambar Java 21 ce kawai, kamar yadda 61 take ta Java 17. Na ga waɗanda suka ajiye koyon gaba ɗaya a wannan matakin suna ganin su ne ba su da kai, kuma wallahi ba haka ba ne, manhajar wani yare ce ta yi musu magana da yarenta.

Yaron nawa da ya ji haka sai ya ce, "To Oga ai na ji Linux ma da suka shigo da Rust ba su yi amfani da Cargo ba." Gaskiyarsa, kuma na ji daɗin tambayar. Da Rust ta shiga kanel a siga 6.1 a Disambar 2022, Kbuild ɗinsu na Make shi yake kiran rustc, kwamfailar Rust, kai tsaye. Android ma da Soong suke gina Rust ɗinsu, Chromium da GN. Amma ka duba me suka ajiye kafin su iya hakan. Rabin amfanin Cargo shi ne ya je crates.io ya warware maka wace siga ta dace da wace ya sauko da su, kanel kuwa ba ya son komai ya sauko daga intanet lokacin gini, duk abin da za su yi amfani da shi sai sun shigo da shi cikin bishiyar kod ɗinsu sun duba shi. Wato sun cire tambayar ina za a samo laburare gaba ɗaya daga kan tebur, sauran tambayar me ya canza kuma rustc yana iya fitar da jerin dogaro irin wanda Make yake karantawa. Haka Bazel, wanda Google suka saki a 2015 daga Blaze ɗinsu na cikin gida, shi tun asali ba a yi shi don yare ɗaya ba, kowane yare da dokokinsa irin su rules_go da rules_rust, kuma yana killace kowane mataki ta yadda in ba ka ayyana heda ba ginin zai ƙi ne a gabanka maimakon ya wuce da ruɓaɓɓen .o. Da a ce da shi muke amfani a wancan wurin, da matsalarmu ba ta kai fili ba. Sai dai kuɗinsa shi ne duk laburaren waje sai an fassara shi zuwa yaren Bazel, kuma kamfanonin da suke jin daɗinsa suna da mutanen da aikinsu kenan daga safe har yamma. Tim mai mutum biyar da ɗaya daga ciki shi ne mai gyaran firinta, ban ba su shawara ba.

Akwai kuma lokacin da gaskiya ita ce baƙon yaren ya riga ya fi ɗan gida yawa, a nan sai a sauya maginin ɗungurungum. SciPy sunansa laburaren Python, amma cikinsa C ne da C++ da Fortran da Cython jibge, sun yi shekaru suna jan distutils, tsohon maginin Python, da faci a kan faci don ya gina musu waɗannan, da aka sanar za a cire distutils, wanda aka cire ɗin a Python 3.12 a 2023, sai suka koma Meson tun siga 1.9 a 2022, wato manhajar da ta san C da Fortran tun asali, aka bar wa ɓangaren Python ɗan siririn aikin naɗe wheel. NumPy ma ta bi sahu. Don haka kafin ka ce furojet ɗinmu na yare kaza ne, ka duba inda wahalar ginin take zaune, ba inda sunan yake ba.

Abin da muka yi da ƙanena a ƙarshe, mun fitar da C ɗin zuwa foldarsa daban da CMakeLists.txt ɗinsa wanda bai kai layi talatin ba, saba ɗin gwaji yana gina shi daga fanko sau ɗaya ga Linux sau ɗaya ga Windows duk sanda aka taɓa foldar, ya naɗe kowanne a jar da classifier ɗinsa da lambar siga, ya ajiye a ma'ajiyar laburarenmu ta cikin ofis. Maven bai ma san akwai C a duniya ba, shi dai ya ga laburare mai suna uku ya sauke kamar kowane, kuma sauran 'yan tim ɗin da Java kaɗai suke taɓawa ba wanda ya girka gcc a na'urarsa. Abin da ya ƙaru mana shi ne in an canza C sai an ɗaga lambar siga a wuri biyu, yaron ya yi ɗan gunaguni a kan wannan, na ce masa ya sa Java ɗin ta tambayi laburaren lambarsa lokacin tashi, in ba su dace ba ta ƙi buɗewa ta faɗi dalili a fili. Ya rubuta a yammacin ranar. Jiya kuma ya dawo yake cewa ashe akwai tsofaffin laftof biyu a fili da ke kan Windows mai 32-bit, sun ba shi UnsatisfiedLinkError, don haka yau da safe muka ƙara gini na uku a saba ɗin.